Karatun Ilimin Zamantakewa a Maiduguri: Wa Ke Tambaya, Wa Ke Rubuta Amsa?

Kusan duk ɗalibin da ya samu gurbin karanta ilimin zamantakewa a jami'a ya sha wannan tambayar a gida: "To yanzu in ka gama, me za ka zama?" Mai karatun likita an san inda ya dosa, haka ma mai karatun lauya. Shi kuwa wannan sai ya tsaya kame-kame, don sau da yawa ba kwas ɗin ya nema ba tun farko. Lauya ya cike a JAMB, maki bai kai ba, aka turo shi nan. Akwai kuma masu ganin abin ba karatu ba ne sam, hirar majalisa ce aka ɗinka wa rigar boko. Wa bai san yadda ake aure da saki ba? Wa bai san talauci na sa sata ba? Har sai an yi shekara huɗu a jami'a kafin a gane haka?

Masu wannan magana suna da gaskiya ta wani gefen. Idan abin da ɗalibi ya fito da shi bai wuce haddar sunayen Turawa da ra'ayoyinsu ba, to dattijon da ke zaune a ƙofar gida a Gwange ya fi shi sanin jama'a nesa ba kusa ba. Abin da ya raba fannin da hira guda ne: duk maganar da aka yi a kan jama'a, sai an fita an gwada ta. A ƙirga, a tambaya, a zauna da mutane a gani da ido, a kwatanta waɗannan da waɗancan, sannan a bayyana yadda aka yi aikin dalla-dalla domin wani ya iya maimaitawa ya ƙaryata ka in ka yi kuskure. A ganina babu garin da ya fi Maiduguri buƙatar wannan horon a Najeriya, kuma babu garin da ya fi shi nuna abin da ake asara in an rasa shi.

Jami'ar Maiduguri tana cikin jami'o'in da gwamnatin tarayya ta kafa a 1975, ta gaji harabar tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas da ke kan hanyar Bama. A can, nazarin zamantakewa da nazarin al'adun ɗan Adam sashe ɗaya ne, kuma wannan haɗin yana da amfani: ɗaya ya fi karkata ga ƙididdiga, ɗayan ga zama cikin mutane na tsawon lokaci. Jami'ar ta ɗanɗana kuɗarta a rikicin Boko Haram. A ranar 16 ga Janairun 2017 an kai harin ƙunar baƙin wake masallacin da ke cikinta, Farfesa Aliyu Mani na fannin likitan dabbobi na cikin waɗanda suka rasu. A watan Yulin wannan shekarar kuma aka yi wa tawagar masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri, da ma'aikatan jami'ar a ciki. Ke nan wanda ya karanta darasin rikici da rugujewar tsarin jama'a a wannan harabar, ba labarin wata ƙasa aka ba shi ba.

A aji ɗaya da aji biyu ana fara wa ɗalibi da magabatan fannin. Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa masa suna a ƙarni na 19. Karl Marx da batun aji da dukiya. Max Weber da alaƙar addini da neman arziki. Sai Emile Durkheim. A cikinsu aikin Durkheim na 1897 a kan kashe kai shi ya fi dacewa a tsaya a kai, ba don sakamakonsa ba, sai don dabararsa. Kowa yana ɗaukar kashe kai a matsayin lamarin zuciyar mutum ɗaya. Shi sai ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai ya jera su, ya ga abin ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta bisa 'yan Katolika, ya fi yawa a tsakanin gwagware bisa magidanta. Daga nan ya ce ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa yana da hannu a ciki. An soki alƙalumansa daga baya, kuma sukar ta yiwu ne domin ya baje su a fili.

Wasu ɗalibai, har da iyayensu, suna ɗar-ɗar da waɗannan sunaye, musamman Marx da abin da ya ce game da addini. Ga wanda ya tashi a Borno, ƙasar allo da tawada, akwai wata ƙofar shiga da ta girmi Comte da fiye da shekara ɗari huɗu. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya yi bayanin yadda haɗin kan dangi ke kafa daula da yadda jin daɗin birni ke narkar da ita. Ya san da zaman yankin nan ma, don ya kawo labarin raƙumin dawan da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyauta a 1257. Abin da ya fi jan hankalina a wurinsa shi ne yadda ya yi da labaran masu tarihi. Ya ce a labarin abin da ya faru, bai isa a duba amincin mai ruwaya kaɗai ba, sai an duba ko abin zai iya faruwa bisa ɗabi'ar zaman jama'a. Ya ɗauki adadin rundunonin da irin su Mas'udi suka ruwaito, ya auna su da faɗin ƙasa da abin da za ta iya ciyarwa, ya ce lissafin bai hau ba. Duk wanda ya taɓa jin an ce "mutum miliyan kaza sun hallara" a filin da bai ɗaukar dubu hamsin, ya san amfanin wannan darasi.

An daɗe ana irin wannan bincike a ƙasar nan. Nathaniel Fadipe ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1939 a kan zamantakewar Yarabawa. M. G. Smith ya yi aiki a kan sarautar Zazzau, matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo da aka buga a 1954, Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa ta auna tattalin arzikin gidajen manoma. A Borno kuwa, Ronald Cohen ya zauna cikin Kanuri a shekarun 1950, ya fitar da littafi a kansu a 1967, sannan wani a 1971 a kan yawan mutuwar aure. Bai tsaya ga jin cewa "ana yawan saki" ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana karɓar tarihin aurensu: sau nawa, da wa, ya ɗauki wane tsawon lokaci, me ya kashe shi. Yau, bayan yaƙi ya bar zawarawa da marayu bila adadin, wanda zai maimaita wannan aikin a Maiduguri da ƙauyukanta zai gaya mana abin da wa'azi da shirin rediyo ba za su iya ba.

Babbar jarrabawar fannin a wannan gari ita ce tambayar da kowa ke da amsarta a aljihu: me ya kai matasa cikin Boko Haram? Tun daga rikicin Yulin 2009 da kisan shugaban ƙungiyar Muhammad Yusuf, amsoshi uku ke yawo. Talauci ne. Almajirai ne. Ƙafewar Tafkin Chadi ce. Kowace tana da ƙanshin gaskiya, kuma kowace ta yi rauni da aka gwada ta.

A ɗauki talauci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci, a Sakkwato da Taraba da Jigawa kuwa abin ya haura kashi 87. Idan talauci kaɗai ke haifar da irin wannan ƙungiya, me ya hana ta tsira a Jigawa? Sannan ga wani abin lura: ba a sa Borno cikin wannan lissafin na ƙasa ba, domin rashin tsaro ya hana a zaɓi gidajen da za a tambaya yadda ƙa'ida ta tanada. Wato jihar da aka fi yi wa bayani da talauci ita ce wadda ba a iya auna talaucinta ba. A 2016 ƙungiyar Mercy Corps ta fitar da rahoton hirar da ta yi da tsofaffin 'yan ƙungiyar su 47. Ba ta samu kama ɗaya da ta haɗa su ba. Akwai masu sana'a da marasa ita, akwai 'yan boko da 'yan allo. Abin da ya yi ta fitowa shi ne tasirin aboki ko abokin kasuwanci, da rancen jari da ƙungiyar ke bayarwa wanda ke zama tarko in an kasa biya. Wasu mata kuma sun ce damar karatu da ɗan matsayi suka hango. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike mai faɗi a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya da Somaliya da Kenya, inda kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu suka ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki.

Ɗalibin da aka horar da kyau ba zai haɗiye waɗannan ma haka nan ba. Zai ce mutum 47 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Zai ce waɗanda aka samu aka yi hira da su, waɗanda suka fito ne ko aka kama, ba waɗanda suka rage a daji ba. Zai ce mutumin da ke tsare yana da dalilin ɗora laifi a kan wani. Zai kuma tambaya: ina maƙwabcinsa da ya sha talauci iri ɗaya, aka kama wansa kamar yadda aka kama na wancan, amma bai shiga ba? Ba a gane dalilin abu ta kallon waɗanda ya faru da su kaɗai. Wannan ƙa'idar ita ce zuciyar fannin, kuma ita ce hirar majalisa ba ta da ita.

Batun almajirai ma haka. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta fitar da littafi a 2018, ta nuna yadda ake jingina musu laifin tarzoma ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba. Mutanen Maiduguri kuma sun ga masu takardun boko da suka yayyaga shaidarsu suka bi Yusuf. Na tafki kuwa, gaskiya ne ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya kuma ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980. Amma rahoton da cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar a 2019, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna ba ci gaba da ƙafewa yake yi ba a 'yan shekarun nan. Abin da ke wahalar da masunci da manomi da makiyayi shi ne rashin tabbas ɗin ruwan, ga kuma yaƙi ya rufe hanyoyin kasuwa. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wanda ya yarda tafki na mutuwa zai nemi a jawo ruwa daga kogin Kongo, wanda ya ga ɗaya hoton kuwa zai fara da buɗe hanyar Baga.

Duk wannan a takarda ne. Wahalar tana bakin ƙofar gida. Mai bincike ba ya faɗa wa unguwa kai tsaye, sai ya fara gaida Bulama, wani lokaci har Lawan, ya faɗi abin da ya kawo shi. In namiji ne, zaure ne iyakarsa a gidaje da yawa, don haka rabin labarin gidan ya wuce shi sai in yana tafe da abokiyar aiki mace. Sai tambaya ta farko a takarda, wadda ake gani kamar mai sauƙi: mutum nawa ne a gidan nan? A sansanin 'yan gudun hijira irin su Bakassi ko Dalori ko Muna, lokacin da suke cike, wanda ya ga baƙo da waya a hannu yana danne-danne ya san rajistar abinci ta kan zo da wannan siffa. Ka ce masa, "Baba, wannan na makaranta ne, ba rabon kaya ba ne," ya ce, "To ɗana, Allah ya taimaka," ya ƙara mutum uku a lissafi, ko da rabon zai biyo baya. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, dabarar mai yunwa ce. A wani gidan kuma akasin haka za ka tarar: uwa tana jin nauyin ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo, ko ta tsallake ɗan fari saboda kunya, ko ta yi shiru a kan wanda ya ɓata tun 2014 don ba ta san a wane layi za ta sa shi ba, na rayayyu ko na matattu.

Ga kuma harshe. An tsara tambaya da Turanci a ofis, mai tambaya ya juya ta zuwa Hausa a kansa, wadda ake tambaya kuma Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Margi ko Glavda ta fi ji, yaron gida ya yi tafinta. Kafin amsa ta koma cikin waya ta bi ta baki uku. A ƙarshe rahoto zai ce "kashi kaza sun gamsu", har da ɗigo da lamba biyu a bayansa. Sannan akwai amana. A shekarun da ake tsananin zargi, lokacin da 'yan kato da gora suka tashi a 2013, sunan mutum a littafin wani baƙo yana iya jawo masa abin da ba a fata. Shi ya sa neman yardar mai amsa, da ɓoye sunansa, da sanin lokacin da za a ajiye biro in hawaye ya zo, suke cikin aikin kamar yadda lissafi yake ciki.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce ba mu san adadinmu ba. Ƙidayar ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Tsakanin nan Maiduguri ta karɓi mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Kukawa da Marte, mafi yawansu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen dangi da kangwaye suka raɓa. Daga 2021 gwamnatin Babagana Zulum ta rufe sansanonin cikin gari, wasu suka koma, wasu suka bazu cikin unguwanni. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya sake tarwatsa mutane kamar yadda ya yi a 1994. To wanda zai ce ya zaɓi gidaje ɗari huɗu da ke wakiltar garin, daga wane jeri ya zaɓo su? Hatta adadin waɗanda yaƙin ya ci, kusan 350,000 zuwa ƙarshen 2020 kamar yadda hukumar raya ƙasashen ta ƙiyasta a 2021, lissafi ne na hasashe, kuma kaso mafi tsoka a ciki waɗanda yunwa da cuta suka kashe ne, ba harsashi ba. Adadi ne mai amfani, muddin mai ambatonsa ya san yadda aka same shi.

Na ambaci ɗari huɗu da gangan. Duk wanda ya duba kundayen kammala digiri a jami'o'in ƙasar nan zai ga adadin waɗanda aka tambaya yana yawan zagaye wannan lamba. Dalili shi ne wata dabarar lissafi ta Taro Yamane da kowa ke kwafa: in jama'ar na da yawa, aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, amsar kullum tana dab da 400. Amma dabarar ta ginu ne a kan cewa kowane mutum yana da damar a zaɓe shi daidai da kowa. Ɗalibin da ya raba takardun tambayoyi ga 'yan ajinsu da masu shagon bakin titi, ko ya zauna a ɗaki ya cike rabi da biro kala uku, bai cika wannan sharaɗi ba ko da manhajar lissafi ta SPSS ta fitar masa da jadawali mai kyau. Ba na ɗora laifin duka a kansa. Babu kuɗin mota, malami ɗaya yana duba kundin ɗalibai masu yawa, yajin aiki irin na wata takwas da ASUU ta yi a 2022 ya matse zango. Duk da haka, da za a bar shi ya yi hira mai zurfi da masu Keke Napep goma sha biyar a Tashan Bama, ko ya bi 'yan kasuwa kaɗan ya ga ta ina suka samo jari bayan gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023, ya rubuta gaskiyar abin da ya ji, da ya fi koyon sana'ar, da mu ma mun ƙaru.

Game da tambayar iyaye ta me za a zama, amsar ba ɓoyayya ba ce. Akwai hukumar ƙidaya da ta ƙididdiga, ma'aikatun jin daɗin jama'a, gidajen gyaran hali, 'yan sanda, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Hukumar Raya Arewa maso Gabas da ke da hedikwata a Maiduguri, koyarwa, aikin jarida. Shekara goma da suka wuce ƙungiyoyin agaji ne suka fi ɗaukar matasa, kuma wanda ya iya tsara tambayoyi a manhajar KoboToolbox, ya iya tace bayanai, ya ji Kanuri da Hausa, ya fi mai babban sakamako samun shiga. Wannan kasuwar ta ja baya tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025, abin da ke nuna hatsarin gina kwas a kan buƙatar baƙo.

A nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya a samu gari a Afirka ta Yamma da aka yi wa tambayoyi a 'yan shekarun nan kamar Maiduguri. Hukumar ƙaura ta duniya tana bin adadin 'yan gudun hijira tun 2014, zagaye bayan zagaye. 'Ya'yan garin ne suka sha rana suka shiga lungu, suka yi tafinta, suka san wace amsa ce ta tsoro wace ce ta gaskiya. Amma bayanan sukan wuce Abuja ko Janiba ko Landan, a can a yi nazari, a can a sa suna, ɗan gari ya samu kuɗin yini da layin godiya. Akwai 'yan Arewa da suka yi rubutu mai nauyi a kan rikicin, irin su Kyari Mohammed da marigayi Abdul Raufu Mustapha, sai dai ba su kai yawan da ya kamata ba. Mai tattara amsa da mai yanke abin da za a tambaya ba matsayinsu ɗaya ba, kuma digiri na shekara huɗu na biyun ya kamata ya samar.

Tambayoyin da ke jiran sa suna nan birjik. Tun bayan mutuwar shugaban Boko Haram Abubakar Shekau a watan Mayun 2021, dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya, an bi da wasu ta sansanin alhazai na Maiduguri, wasu ta shirin gwamnatin tarayya na Malam Sidi a jihar Gombe, aka mayar da su cikin jama'a. Hukuma na cewa abin na tafiya, wanda aka kashe wa uba yana cewa ba haka ba. Hanyar sanin gaskiya ita ce a ɗauki wasu garuruwa, a ce Bama da Konduga da Gwoza, a bi gidaje iri ɗaya duk shekara har shekara biyar ko goma: wa ya zauna, wa ya koma daji, wa ya samu mata, 'yar wa aka ƙi aura, wa ake sayen kayansa a kasuwa. Baƙon da ya zo da kwangilar wata shida ba zai iya wannan ba. Sashen jami'a da ke nan daram, wanda ke samun sababbin ɗalibai daga waɗannan garuruwan kowace shekara, shi zai iya, in an ba shi kuɗin mota da wurin adana bayanai, aka kuma sa kowace ƙungiya da ta yi bincike a jihar ta ajiye kwafin abin da ta tattara a jami'ar bayan an goge sunayen mutane.